Manu da Hoton 'Yar Fari

Ranar Alhamis, goma ga watan Maris na 2022, a kasuwar dabbobi ta Maigatari, Malam Shehu ya fara haɗuwa da Manu. Malam Shehu akawu ne a wani ofishin ajiye takardu a Gumel, kuma shi ne sakataren wata 'yar ƙungiya ta masu koyon ɗaukar hoto, wadda ke zama kowace Asabar bayan la'asar a wani ajin firamare. Ran nan su bakwai suka fita da kyamarori biyu, iyakar abin da ƙungiyar ta mallaka ke nan, don su koyi ɗaukar abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Ubale mai adaidaita ya durƙusa gaban wani farin bijimi yana ta danne-danne, bijimin kuwa sai kau da kai yake yi. Mai shi yana tsaye gefe, dogo, siriri, da sanda a kafaɗa, zai yi shekara hamsin. Da ya gaji da kallo sai ya ce, "Ta nan ba zai dube ka ba, rana na cikin idonsa. Koma hagunsa."

Ubale ya koma. Mutumin ya yi wani ɗan sauti da harshe, bijimin ya ɗago kai ya tsaya cak, hoto ya fito tas.

Ubale Bamange ne, dangin Barebari, tsakaninsu da Fulani kuwa wasa ne tun kaka da kakanni. Ya ce, "Ashe bawan nawa yana da ranarsa."

Mutumin ya ce, "Ku ai ba ku san gaban sa da bayansa ba sai ya shiga tukunya."

Aka yi dariya. Ya roƙa a nuna masa, ya daɗe yana duban bijiminsa a bayan kyamara. Daga nan ya ja Malam Shehu gefe, ya ce sunansa Manu, ya tambaya ko ana koya wa wanda bai yi boko ba. Malam Shehu ya ce ana koyawa, ya kwatanta masa wurin da lokacin.

Ranar sha tara ga wata Manu ya zo a kan keke, daga rugarsu da ke bayan Sule Tankarkar, tafiyar kusan awa biyu. Malam Shehu ya buɗe rajista ya rubuta suna, da shekaru, da sana'a. Da aka zo gurbin dalilin shiga ƙungiya sai Manu ya ce a bar wurin tukuna. Ya jira har aka tashi, aji ya rage su biyu.

Ya ce, "Malam, akwai yarinyar Goggo. Ba ta da lafiya. Likita ya ja ni gefe ya ce ƙodojinta sun gaji. Tana da 'yar ƙarama, shekara biyu." Ya murza hularsa. "Ni ina shekara uku uwata ta rasu. Duk wanda ya san ta na tambaye shi. Wannan ya ce doguwa ce, wancan ya ce fara ce. Ko a mafarki ta zo mini, ba ta zuwa da fuska. Ba na so ƙaramar nan ta tashi haka."

Malam Shehu bai buƙaci a yi masa bayani ba. Wadda ake kira yarinyar Goggo 'yar Manu ce ta fari. Goggo ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsa, ita kuma ta ɗauki yarinyar tun daga yaye, kamar yadda ake yi a wajensu. Shekara ashirin da shida ke nan Manu bai taɓa kiran sunan 'yarsa ba, bai zauna tabarma ɗaya da ita ba, bai tsaya ya dubi fuskarta a gaban mutane ba. In ta kawo masa ruwa, sai ta ajiye ta juya, shi kuma ya dubi wani wajen. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Kunyar ɗan fari ce, haka mahaifinsa ya yi wa yayansa, haka ya taras ana yi. Mijin yarinyar mutumin ƙetaren iyaka ne, shi ya kawo ta gida jinya. Ba ta taɓa yin wani kati mai hoto ba, a bikinta ma ba wanda ya ɗauka.

Malam Shehu ya ce, "Ai ko da waya wani a gida zai iya ɗaukarta."

"Na waya na ga ƙarshensa. Waya ta mutu, hoto ya bi ta. Na takarda nake so, mai kyau, wanda za a duba a ce ita ce. Kuma wa zan buɗe baki in gaya wa a gida? In na ce a ɗauke ta hoto, ai na faɗi abin da likita ya faɗa."

A gurbin dalili Malam Shehu ya rubuta, "Hoton iyali."

Mai koyarwa a ƙungiyar Baba Nehemiya ne, mutumin Filato, wanda ya yi shekara talatin yana ɗaukar hotunan gwamnati a Gumel kafin ya ajiye aiki. Ya koya musu manna gwiwar hannu a haƙarƙari, da riƙe numfashi kafin a danna, da kada a yanke wa mutum ƙafa ko saman kai. Rubutun cikin kyamara ya ba Manu wuya, har sai da Malama Dinah, malamar makaranta kuma mace ɗaya tilo a cikinsu, ta ɗiga masa jan farce a kan maɓallai uku da zai riƙa taɓawa. Amma a sha'anin haske ba wanda ya kai shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana duban rana don ya san lokacin kora shanu rafi, ba sai an gaya masa inda inuwa za ta faɗi ba. Ga haƙuri. Sai ya tsuguna rabin awa yana jiran zabuwa ta juyo.

A Asabar ta biyu Baba Nehemiya ya karanta masa dokar da ke shafin farko na rajista, kamar yadda yake yi wa kowane sabon shiga. Duk wanda zai ɗauki hoton mutum, sai ya tsaya a gabansa, ya gaishe shi, ya kira shi da sunansa, ya gaya masa abin da za a yi da hoton, ya jira ya yarda ya dube shi. Baba ya ce da ƙuruciya ya taɓa ɗaukar wata mata tana kuka a kan gidanta da ruwa ya rushe, ba ta sani ba, aka kafa hoton a bangon ofis, har ta mutu ana nuna ta da shi. Ya ce, "Hoton sata ba ya shiga kwamfutar nan."

Malam Shehu ya saci kallon Manu. Kansa yana sunkuye. Abu uku da dokar ta fi nema, tsayawa a gaba, da kiran suna, da haɗa ido, su ne abu ukun da bai taɓa yi da 'yarsa ba.

Akwai tsarin aron kyamara, kowa da makonsa, Malam Shehu ke rubuta fita da dawowa. Manu ya fara tafiya da ita ranar ashirin da shida ga Maris. Ya dawo da hoto arba'in da ɗaya. Ashirin da uku na shanu ne, shida na Goggo tana kaɗa nono, sauran ƙorai ne da rumbu da kaji. Biyar na ƙofar wani ɗaki ne mai shuɗin labule, ɗakin da yarinyar ke jinya. A lokacin yarinyar tana tashi, tana zuwa rijiya da ƙafarta, fuskarta ba abin da ya taɓa ta.

Cikin azumi ya sake ɗauka, ya sake bayan ƙaramar salla. Duk dawowa sai ya tsaya bayan Malam Shehu yana kallo ana juye hotuna a kwamfuta. A na watan Mayu akwai wata tabarma a gindin aduwa, da takalman mace a gefenta, ba kowa a kai. Yarinyar ce ta hango shi tafe ta tashi ta shiga ɗaki, kamar yadda ta saba yi tun tana yarinya.

Ya ce a hankali, "Na je har bakin tabarmar, Malam. Harshe ne ya ƙi."

Ranar da aka haska hotunan kowa a bango don a tattauna, labulen ya sake fitowa. Ubale ya ce, "Kai Bafillace, labulen nan aurensa za ka yi ne? Wata biyu kana zarya a ƙofarsa."

Manu ya yi murmushi ya ce, "Ya fi ka kunya, shi ya sa." Malam Shehu ya yi maza ya wuce zuwa hoto na gaba.

A farkon Yuni Malam Shehu ya kawo shawara a aika Malama Dinah, tunda mace ce za ta shiga ko'ina. Manu ya yi mako guda yana tunani kafin ya yarda. Ranar sha takwas ga wata ta hau motar kasuwa ta je, a kan cewa ƙungiya ta ba ta aikin ɗaukar sana'o'in mata. Aka dama mata fura, ta ɗauki masu daka da masu tatsa. Da ta zo kan mai jinya, ta tsuguna ta gaishe ta, ta tambayi sunanta, ta nemi izini.

Yarinyar ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. "Anti, dubi ƙafafuna yadda suka zama. Ki bari in warke. Bayan damina ki dawo, in yi kitso in sa lalle, ki ɗauke ni ni da Jannatu."

Malama Dinah ta gaya wa Malam Shehu cewa daga baya akwai lokacin da yarinyar ta juya tana kallon 'yarta Jannatu tana wasa da ludayi, haske ya zauna mata daidai, yatsanta kuma yana kan maɓalli. Ba ta danna ba, saboda an riga an ce mata a'a. Ta ce, "Fuskar ta ɗan tasa, amma ita ce. Kyakkyawa, da wushirya." Daga bakinta ne Malam Shehu ya fara jin sunan: Tayyiba.

Da aka gaya wa Manu sai ya gyaɗa kai. "Ni ba za ta ce mini a'a ba. Abin da ya sa ya fi mini nauyi ke nan."

Damina ta kankama. Ga noma, ga tsare shanu daga gonakin mutane, ga kwanciya asibiti har sau biyu. Asabar uku a jere an rubuta wa Manu bai zo ba. Ranar talatin ga Yuli da ya bayyana, ya rame, Malam Shehu ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya tsallake sunan mutum huɗu a jerin aro, ya rubuta na Manu, ya bar gurbin ranar dawowa a buɗe. Don haka dole ya gaya wa Baba Nehemiya dalili.

Baba ya cire tabarau. Ya ce, "Me ya hana ku gaya mini tun Maris?" Ya kira Manu. "Malam Manu, dokar nan ni na rubuta ta, ni kuma na ɗauke maka ita. Tsaya daga nesa ka jawo ta da kyamara. Ba sai ta sani ba."

Manu ya ce, "Na gode, Baba. Na sha yin tunanin haka. Amma in na ɗauka daga nesa, wani wajen za ta riƙa kallo. Ni so nake in ƙaramar ta riƙe takardar, ta ga uwarta ita take duba."

Abin da ya faru ranar Asabar, sha uku ga Agusta, Manu da kansa ya ba Malam Shehu labari. An kwana ana ruwa, gari ya waye da lumshi, irin hasken da Baba ke cewa ba ya cutar fuska. Manu ya ce wa Goggo ko matan gida za su je tsinkar yakuwa a gona. Goggo ta dubi kyamarar da ke rataye a wuyansa, ta dube shi, ta goya Jannatu ta kora kowa gaba.

Ya yi sallama a bakin labulen, ya ɗage shi ya rataye don haske ya shiga. Ta yi yunƙurin tashi ta kasa. Ya tsuguna a gabanta. Karon farko da ya buɗe baki, iska ce kawai ta fito. A na biyu ya ce, "Tayyiba."

Ta tsura masa ido kamar ba ta gane muryar ba. Can ta ce, "Na'am, Baffa."

"Hoto nake so in ɗauke ki. Saboda Jannatu."

Ta dubi hannuwanta da suka kumbura, ta ce, "Ashe abin ya kai nan."

"Allah ne masani."

Ta ce ya jingina ta da bango. Shi ne ya taɓa kafaɗarta, rabonsa da taɓa ta tun tana cikin zanen goyo. Ta gyara ɗankwali, ta goge ido, ta ce, "To, ɗauka." Ta dube shi sosai. Ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ya riƙe numfashi, ya danna sau uku.

Bayan nan bai fita ba. Ya zauna a gefen tabarmar suka yi hira har azahar. Suka yi maganar wata karsana da aka ba ta tana yarinya. Ya gaya mata lokacin da ta yi ƙyanda tana shekara biyar, kullum sai ya zagaya bayan ɗakin Goggo ya tsaya yana sauraron tarinta, in ya ji motsin mutum ya yi kamar igiya yake nema.

Ta ce, "Na sani, Baffa. Ina ganin ƙafafunka ta ƙarƙashin zana."

Ranar ashirin ga wata aka buɗe hotunan a kwamfuta bayan an tashi, daga Manu sai Malam Shehu da Baba Nehemiya da Malama Dinah. Babu rawa, babu duhu, har zaren ɗankwalin ana iya ƙirgawa. Baba Nehemiya ya ce tun da aka kafa ƙungiyar ba a kawo hoton mutum kamarsa ba. Malama Dinah ta duba sau ɗaya ta fita waje. Aka wanke guda biyu manya, Manu ya sa a ambulan ya tafi da su.

Asabar ta gaba ya dawo da ambulan ɗin. Ya ce ya nuna wa Goggo. Ta kai hoton bakin ƙofa, ta matso da shi, ta nisanta shi, sannan ta miƙa masa ta ce, "Idanun nata ne. Sauran duk ciwo ka ɗauko. In yarinyar ta girma ta ga wannan, za ta ce haka uwarta take."

Gaskiya Goggo ta faɗa. Kumburi ya cike kumatun, ya danne hancin, ya rufe wushiryar da Malama Dinah ta gani wata biyu da suka wuce.

Manu ya ce, "Baba, na ga kuna goge tabo a kwamfuta. Ba a rage kumburi?"

Baba ya ce ana iya matse fuska, amma zai zama kintace ne. Duk da haka suka zauna. Baba na jan hoton, Manu da Malama Dinah na tsaye a kansa. Rage nan. A'a, ya yi yawa. Haɓarta ta fi haka tsawo. Malama Dinah sau ɗaya ta taɓa ganinta. Manu kuwa, da aka tambaye shi yadda goshinta yake da inda kumatunta suka tsaya, sai ya kasa kwatantawa, don shekara ashirin da shida da gefen ido yake kallonta. Bayan fiye da awa guda wata kyakkyawar mace ta fito a allon, wadda ba wanda ya san ta.

Manu ya daɗe yana dubanta. Ya ce, "Mayar da shi yadda yake, Baba. Wancan ko ba komai ta yarda da shi."

Da za su fita Manu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ran da na fara tafiya da kyamarar nan, yaushe ne?"

Malam Shehu ya san ranar ba sai ya buɗe rajista ba. Ya ce, "Ƙarshen Maris."

"Lokacin tana zuwa rijiya." Ya hau kekensa.

Tayyiba ta rasu ranar Talata, shida ga Satumba, da hantsi. 'Yan ƙungiya suka je gaisuwa ranar uku, Ubale ne ya kai su a adaidaitarsa. Da suka shiga gidan ya hango shuɗin labulen, ya tsaya, ya dubi Malam Shehu. A gaban Manu ya durƙusa ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce, "Allah ya jiƙanta, Malam Manu." Manu ya karɓi gaisuwa kamar yadda uban 'yar fari ke karɓa, ido a bushe, yana cewa a shiga a yi wa Goggo, ita aka yi wa rashi.

Ranar sha bakwai ga Satumba ya maido da kyamara a naɗe cikin farin ƙyalle, ba ƙura ko ɗaya a jikinta. Ya miƙa wa Malam Shehu ambulan ɗin da hotunan biyu a ciki, ya ce a rubuta sunan Jannatu a baya, da sunan uwarta, a ajiye, kada a aika mata, sai in ta girma ta zo ta nema da kanta. A taron wata na Oktoba Malama Dinah ta nemi a sassauta dokar shafin farko a kan marasa lafiya da tsofaffi. Aka yi muhawara har magariba ba a cimma matsaya ba, aka bar ta yadda take. Manu yana wurin, bai sa baki ba.

Ya ƙara zuwa sau ɗaya, ranar biyar ga Nuwamba, daga nan bai sake ba. A ƙarshen wannan shekarar dangin uban Jannatu suka zo suka tafi da ita ƙetaren iyaka. Goggo ta rasu a bazarar 2023. Manu ya damƙa gonar ga ƙaninsa, yanzu yakan bi shanu kudu da rani, ya dawo da faɗuwar ruwa. Wani lokaci ana ganinsa a Maigatari ranar Alhamis, in ya haɗu da 'yan ƙungiya yakan tsaya a gaisa, amma bai sake riƙe kyamara ba. Ambulan ɗin yana cikin kabad ɗin Malam Shehu. Jannatu ba ta kai shekarun nema ba tukuna.